Harafin da Kaka ta Ɗinka wa Ango

"…to madalla, gajiya ta bi lafiya. Wane ne yake mini sallama da muryar tsohon injin niƙa?"

"Mijinki ne, Amarya. Ina kwana?"

"Kwana ya yi kyau kafin ka shigo. Ina zaren da na aike ka?"

"Haka ake tarbar ango? Ko kujera babu?"

"Kujera ta baƙi ce. Miƙo zaren."

Amaryar da ake magana ita ta haifi uban angon, ita kuma ta fara yi wa angon wanka ranar da ya zo duniya, abin da takan tuna masa duk sanda ya ɗaga murya. Tela ce, ta tsufa a kan keke. Keken yana nan a gindin taga, kusa da gwangwanin biskit cike da maɓallai, wanda jikoki da yawa suka buɗe da kyakkyawan zato. A bango akwai kalanda mai hotunan jiragen sama, kowane jirgi da lambarsa a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ango ne ya rataya mata.

Ango ya gama makarantar koyon gyaran jirage, an kuma zaɓe shi ƙarin horo a wata ƙasa mai sanyi. Saura 'yan makonni ya tashi. Amma ba sallamar tafiya ce ta kawo shi ba, ba kuma zare ba. Likita ya ce yanar ido ce ta kama Kaka, aikin ƙarami ne, har an ba ta gobe da safe. Kaka ta ce idonta garau yake, likitan ne ya kamata a duba. Ɗanta ya roƙa, 'ya'yanta mata sun yi kuka bi da bi, duk a banza. Da dabara ta ƙare, sai aka tuna akwai mutum ɗaya a gidan da ke da lasisin zaginta a kuma ba shi shayi. Ubansa ya tare shi a bakin ƙofa, ya ce, "Shiga ka gwada. In ta ƙi gobe, ba za a sake samun rana ba sai bayan ka tafi. Kuma ka san halinta."

Kaka ta karɓi zaren, ta kai shi dab da fuska kamar za ta shinshina.

"Wannan ba shi na ce ba."

"Shuɗi kika ce."

"Shuɗin mutanen kirki na ce. Wanda ya kasa sayen zare, shi za a ba jirgi ya kwance? Allah Ya tsare matafiya."

"Amin. Ya kuma tsare masu sa ɗinkinki. Har yau Kawu a karkace yake tafiya saboda wandon da kika yi masa yana firamare."

"Kawunka a karkace aka haife shi, wandon gaskiya ya faɗa. Ɗauki waccan, a kan gado. Gwada."

Rigar sanyi ce mai kauri, an ninka mata yadi mai laushi ta ciki, har da aljihun fasfo mai maɓalli. Ta zauna masa kamar a jikinsa aka yanka.

"Ta ɗan matse ni."

"Cikinka ne ya matse ta. Ka ba ta haƙuri."

Ya tuɓe ta, ya juya wuyan. A gidan nan kowa yakan juya wuyan sabuwar riga kafin ya duba gabanta. Tun zamanin da ake shanya kayan yara a igiya ɗaya, ake kuma dambe wajen kwashewa, Kaka ta raba gardama: kowane ɗa da jika tana ɗinka masa alamarsa ta cikin wuya. Wani kifi, wata ganye, wani ƙugiya. Ango jinjirin wata ne. Ga jinjirin watan nan kuwa, sai dai yau ya yi maƙwabci. Wani ƙaton harafi, F, ya tsaya a gefensa kamar mai gadi.

"Amarya, wannan fa?"

"Girma na ƙara maka. Ba ka cancanta ba, amma miji miji ne."

"Wane irin girma?"

"Ka ɗauka ban sani ba? Duk mai ilimi yana jan haruffa a bayan sunansa kamar jela. Likitan nan mai ƙarya, nasa har sun yi wa allon ƙofarsa yawa. Na duba kalandarka, na ga jirage ma haka suke: lamba, sai harafi. Na ce to, nawa mijin ba zai shiga ƙasar mutane babu jela ba."

Ango ya zauna a bakin gado ba tare da an ba shi izini ba, ya yi dariya har ya kama ciki.

"Rashin sani ya fi dare duhu! Kin san sarautar da kika naɗa ni?"

"Shugaba."

"Jirgin kaya."

"Jirgin me?"

"Kaya. In kin ga F a bayan lambar jirgi, to ba ya ɗaukar fasinja. Buhuna, kwalaye, injuna, wani lokaci har kaji. Babu kujeru, babu mai kawo shayi. Jakin sama ke nan."

Kaka ta gyaɗa kai, irin yadda alƙali kan yi kafin ya faɗi hukuncin da ya riga ya yanke tun daga gida.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ciki ƙato, babu kowa a sama. Ashe hannuna ya fi ni sanin ka. Wa ya ce ban yi karatu ba?"

"Za ki farke shi."

"Ba a farke gaskiya. Sauko da kalandar, karanto mini sauran jelar, ko akwai wadda ta fi wannan dacewa da kai. Ba na zato."

Ya sauko da ita, ya shimfiɗa a kan cinyarta. Ta ɗora tafin hannu a kai kamar mai awon yadi.

"Lambar ita ce dangi," ya ce. "Kamar a ce 'ya'yan gidan nan. Uwa ɗaya, kama ɗaya. Harafin da ke biye shi ne ke faɗin aikin da aka shirya kowa ya yi."

"Wato kifi da ganye."

"Kifi da ganye. Ga wannan, E da R. An ƙara masa wurin mai, yana wuce inda 'yan uwansa suke sauka, ya ci gaba."

"Kawunka ke nan. Aka aike shi sayen burodi, sai da ya bugo waya daga wani gari."

"Wannan kuma L da R. Ya fi wancan nisa. Yakan keta teku bai huta ba."

"Kakanka ke nan, Allah Ya ji ƙansa. Ya ce mini bari ya ɗan kishingiɗa, har yau ina jira. Wuce."

"C. Wannan ana iya juya shi. Yau a jera masa kujeru ya ɗauki mutane, gobe a kwashe su ya ɗauki kaya."

"Ɗan siyasa."

"Kuma ba kowane kamfani ne ke bin harafin ɗan uwansa ba. Kowa da salonsa, sai ka san gidan da jirgi ya fito."

"Kamar teloli. Awo ɗaya, riga goma. To kai duk wannan ka zauna ka haddace? Uban wa ya hana a rubuta 'na kaya' da 'na nesa' kowa ya huta?"

"In aka rubuta kowa ya gane, mu da me za mu yi fankama?"

"Yau ka yi magana kamar mai hankali. Wa ya ara maka? Wannan na ƙasa fa, mai kama da tsutsa?"

"S da R. Na gajeren zango ne. Ba ya nisa. Ya tashi, ya sauka, ya tashi, ya sauka, yini guda yana kai da kawowa. Saboda yawan sauka, har ƙarin ƙarfi ake yi wa ƙafafunsa."

"Yana kwana a gida?"

"Yawanci."

Yatsanta ya tsaya a wurin.

"To me ya hana a ba ka wannan?"

"Ba ni ake ba harafi ba, Amarya. Jirgi ake ba."

"Rowa ce kawai."

Ta ture kalandar gefe, ta hau neman almakashin da ke rataye a wuyanta. Ango ya ɗauki rigar, ya matsa gindin taga. A makaranta an koya masa cewa in ƙusa ta yi kyau daga nesa, a matso a duba ta kusa. Ɗinkin F ɗin ba shi da aibu: sanda ɗaya a tsaye, biyu a kwance, kowace a miƙe kamar an ja da igiya. Jinjirin watan ne abin kallo. Matar da ta yi suna da furannin da ƙudan zuma kan yi kuskure a kansu, yau watanta ya yi kusurwa biyu, kamar an lanƙwasa waya da ƙarfi.

"Amarya, watana ya yi gwiwa."

"Watan bana ne. Haka ya tsaya."

"Cikin duk haruffan kalandar nan, me ya sa kika zaɓi F?"

"Na gaya maka, ya yi kama da kai."

"Lokacin ba ki san ma'anarsa ba."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau jirgi ba zai hango ba."

"Babban da ta gaishe da labule jiya, ta tambaye shi mutanen gida?"

"Labulen ya fi ka ladabi. Bai amsa mini da rashin kunya ba."

"Kaka."

"Kada ka kira ni da wannan muryar. Ta ubanka ce, kuma na ƙoshi da ita."

"Duk sauran akwai mai ciki ko mai ƙugiya a cikinsu. F kaɗai ne sanduna zalla."

Ta sami almakashin, ta riƙe shi, ta rasa abin da za ta yanka. A waje wata mota ta wuce tana neman hanya da ƙaho. Da ta yi magana, keken take kallo.

"Miƙaƙƙen layi yatsa ke bin sa. Sai in kafa farce a kan saƙar yadin, in bi ta. Lanƙwasa kuwa sai da ido. Watan nan naka sau nawa na farke shi, Allah Ya sani." Ta gyara zama. "To ka ji. Je ka faɗa wa wanda ya aiko ka."

"Ba wanda ya aiko ni. Zare na kawo."

"Maƙaryaci ɗan maƙaryaci. Tambayarka zan yi. Jirgin mutane in ya tsufa, ya ake yi da shi?"

Ango ya so ya yi ƙarya, amma ita ta koya masa yin ta, kuma ba ta koya masa duka ba.

"Wasu akan mai da su na kaya. A kwashe kujerun, a ƙarfafa daɓen, a yanka masa babbar ƙofa a gefe. Sai a ƙara masa haruffa, ƙarshensu F."

"Tagogin fa?"

"A toshe su."

"To ka gani. Ashe harafin nawa ne, a rigarka kawai na ajiye shi. Gadon bayan nan nawa ya ɗauki mutane. Ubanka, baffanninka, gwaggonninka, da kai, mai nauyin buhun siminti. Babu wanda na yar a hanya. Yanzu an kwashe kujeru, an toshe tagogi. A bar ni in ƙarasa tafiyata da kayana."

"Aikin ba ya daɗewa, Kaka. Likita ya ce…"

"Likita ya ce. Idon uwarsa ne?" Ta sassauta murya. "Ɗan abin da ya rage mini, da shi nake gane ka in ka tsaya a ƙofar nan. Inuwa mai ƙaton kai. In suka sa wuƙarsu shi ma ya tafi, da me zan raka ka ranar tafiyarka? Da babu gara ba daɗi. Ka tafi tukuna, in ga bayanka, sannan su yi abin da suka ga dama."

Wannan maganar ba a taɓa faɗa wa ɗa ba, ba a faɗa wa masu kuka ba. Ango ya tsaya da riga a hannu. Ya duba cikin kayan aikin da yake da su na magana da wannan tsohuwa, ya ga tun yana rarrafe iri ɗaya ne. Sai ya ɗauko shi.

"Wanzami ba ya son jarfa! Shekara da shekaru kina soka wa yadin bayin Allah allura, ko sannu ba kya ce masa. Yau an ce za a taɓa ki, kin hau wasiyya."

"Ka ci gidanku."

"Gidanmu naki ne. Kuma kin yi kuskuren harafi, kamar yadda kika saba. Ba a toshe tagar jirgin da fasinja ke jira."

"Wane fasinja?"

"Yayata tana da ciki, ko shi ma kin ɗauka labule ne? Wa zai yi wa ɗan alama? Ki ba shi sanda, na bayansa sanda biyu, a dinga kiran jikokin gidan nan kamar katakon gini? Ni kuma in na dawo da gemu, wa zai gan shi ya ce bai yi kyau ba?"

"Wannan ko a makance zan faɗa."

"Ba zan ce miki babu tsoro ba. Mu ma in za mu buɗe cikin jirgi, da bismilla muke farawa. Amma wanda aka ƙi buɗewa shi ne ke ƙarewa a bayan rumfa, tsuntsaye na sheƙa a ciki. Yanar nan ba jirana za ta yi ba, Amarya. Yau inuwa ce mai ƙaton kai. In na dawo, ko kan ba za ki samu ba."

"Asara kaɗan."

"To shi ke nan." Ya ninke rigar, ya ɗora mata a cinya. "Ungo kayanki. Ba na so."

"Ba ka me?"

"Ba zan sauka a ƙasar mutane da takardar shaidar jaki a wuya ba. S da R nake so."

"Wanne ke nan?"

"Mai kwana a gida."

Kaka ta jawo kalandar, ta kai ta kusa da taga, ta bi haruffan da yatsa a hankali, ta sake bi.

"Tsutsa da mai ciki," ta ce. "Ɗan banza. Duk kalandar nan ka rasa abin zaɓa sai waɗanda suka fi kowa lanƙwasa."

"Su nake so. Da watana, ba mai gwiwa ba."

"Kuma ƙarya ce za ka rataya. Tafiyarka mai nisa ce."

"Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Rigar ta dinga tuna mini inda zan faɗo."

"A kaina, na sani."

"In kuma aikin ya fi ƙarfinki, ba komai. Tsufa ba laifi ba ne. Zan kai wa telan bakin titi. An ce ya sayo keken zamani, danna maɓalli kawai ake, ya rubuta harafin da kansa."

Akwai zagin da kaka kan shanye daga jika ta yi dariya, akwai kuma wannan. Kaka ta miƙe zaune kamar an ja ta da zare.

"Wa? Wancan mai ɗinke aljihu ya manta bai bar masa baki ba? Wanda ya zo nan yana kuka in nuna masa yadda ake kafa hannun riga? Shi zai taɓa wuyan rigar da na ɗinka? A gidan nan? Ina raye?"

"To ya zan yi? Shi yana gani."

"Yana gani! Akuya ma tana gani!"

Ta riƙe rigar da hannu biyu, ta manna ta a ƙirji, tana huci. Can sai hucin ya fara rawa, kafaɗunta suka kama girgiza, dariya ta ƙwace mata har ta sa gefen mayafi tana goge idon da ake rigima a kansa.

"Allah Ya shirye ka. Tarkon da na koya maka, shi ka kafa mini."

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Rufe mini baki. Kira ubanka, yana bayan ƙofa. Tun ɗazu nake jin numfashinsa, kamar na mai satar nama. Ka ce masa ya zuba wa motarsa mai, kada gobe ta mutu mana a hanya irin ta ranar nan."

Daga bayan ƙofa aka yi tari, aka kuma ji takun mutumin da ya tuna wani aiki na gaggawa.

"Kuma kai za ka riƙe mini hannu har su gama," ta ce. "Ba shi ba. Hannunsa gumi yake."

"In sun bar ni na shiga."

"Ka ce musu mijina ne. In sun yi musu, su duba wa ya fi wahala."

"Na ji. To F ɗin, yaushe za ki farke?"

"Wa ya ce zan farke? Tsutsa da mai ciki za su zauna a gefensa. Jirgin kaya mai kwana a gida. Miƙo mini gwangwanin can."

Ya miƙa mata. Ta buɗe, ta tura hannu har wuyan hannu cikin maɓallai, tana lalube. Sannan, karo na farko a tarihin gidan, aka ga biskit ya fito daga gwangwanin biskit, a naɗe cikin ƙyalle mai tsabta.

"Ungo," ta ce. "Na ajiye maka na hanya ne, amma jirgin kaya ba ya kyau da zama wayam. Fara lodi."